Fashin Baƙi: Daga Ina Ake Farawa Idan Za a Haɗa Bindigar Farauta ta Musamman?

Shin sunan kamfanin da ya ƙera bututu ne ke sa bindigar farauta ta yi saiti? Duk inda masu sha'awar haɗa bindiga suka taru, gardamarsu ba ta wuce nan. Wani ya ce sai bututun Bartlein, wani ya ce Krieger, wani kuma ya rantse cewa tun da na zaren kabon ya fito an gama yayin na ƙarfe zalla. Gardamar ta ƙara zafi ne tun daga 2007, shekarar da kamfanin Hornady ya fitar da harsashin 6.5 Creedmoor, harbin nesa ya shiga yayi, maharban da a da ba su damu da komai ba sai "ta faɗi ko ba ta faɗi ba" suka koma auna ramukan takarda da ma'auni. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, bindigogin kanti irin su Tikka da Bergara yanzu suna zuwa da alkawarin saitin da a da sai a hannun ƙwararren maƙeri ake samunsa.

A ganina, tambayar ce aka ɗauko ta wutsiya. Sunan kamfani yana cikin abubuwa na ƙarshe da ya kamata su dami mai haɗa bindigar farauta. Kafin a kai gare shi akwai shawarwari huɗu ko biyar da suka fi shi nauyi, kuma kowacce tana ɗaure wadda ke bin ta.

Me ake nufi da bindigar musamman?

Ita ce wadda mai ita ya zaɓi sassanta ɗaya bayan ɗaya, maƙeri mai lasisi ya haɗa masa su. Manyan sassan biyar ne. Akwai gidan sakata, wato ƙarfen tsakiya da ke ɗauko harsashi, ya tura shi, ya kulle, ya kuma fitar da kwanso bayan an harba. Akwai bututu, wanda a gindinsa ake yanka mazaunin harsashi. Akwai ƙota, wadda ake dafawa a kafaɗa. Sai kunama, sai kuma ma'ajiyar harsashi da ƙarfen da ke riƙe ta daga ƙasa. Madubin hange da zobban da ke ɗaure shi su ne na shida, kodayake mutane kan manta da su sai kuɗi ya ƙare.

Ma'aunin saiti da za a riƙa ji shi ne MOA. Kusurwa ce wadda faɗinta ya kai inci 1.047 a nisan yadi 100, ko kimanin santimita 2.9 a mita 100. Idan aka ce bindiga tana harbin MOA ɗaya, ana nufin harsasanta suna taruwa cikin da'ira mai wannan faɗin, kuma da'irar tana buɗewa daidai da ƙaruwar nisa.

Dabbar da za a harba ita ce farkon lissafi

Wanda zai bi barewa a fili ba buƙatarsa ɗaya da wanda zai shiga kurmi neman aladen daji ba, balle wanda zai tsaya gaban ɓauna. Doka ma ta san da haka. A Ingila da Wales, ba a harbin manyan barewa da harsashin da faɗinsa bai kai inci 0.240 ba, kuma dole ƙarfinsa a bakin bindiga ya kai fam-ƙafa 1,700 (ma'aunin ƙarfin bugun harsashi). A Jamus, manyan dabbobi masu kofato sai da harsashi mai faɗin milimita 6.5 zuwa sama, wanda ke riƙe da ƙarfin bugu na jul 2,000 a nisan mita 100. Ƙasashen Afirka da dama da ke ba da izinin farautar dabbobi masu haɗari sun sa ƙa'ida a wajajen faɗin inci .375, shi ya sa harsashin .375 H&H na 1912 har yau bai tsufa ba.

Daga dabba sai ƙwayar harsashi: nauyinta, tsawonta, da abin da aka yi ta da shi. Nan ne wani sauyi ya shigo da mutane da yawa ba su lura da tasirinsa a kan bututu ba. Tun 1 ga Yulin 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata, kuma wurare da yawa a Turai suna bin wannan hanya. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayar jan ƙarfe mai nauyin giren 150 (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar harsashi) ta fi takwararta ta dalma tsawo. Tsawon nan kuwa shi ne ke yanke hukunci a kan abin da ya fi komai muhimmanci a cikin bututu.

Murɗin cikin bututu

Idan ka leƙa cikin bututun bindigar farauta za ka ga tsagogi sun murɗa daga gindi zuwa baki. Su ne ke kama ƙwayar harsashi su juya ta. Kamar katantanwa ce: muddin tana juyi da sauri tana tsaye a kan tsininta, da juyin ya yi sanyi sai ta fara tangaɗi ta kife. Ana rubuta murɗi kamar haka, 1:10, ma'ana harsashi yana kammala juyi ɗaya cikin kowane inci 10 na bututu. Ƙaramar lamba ita ce murɗi mai sauri. Ƙwayar da ta fita da gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa daga bututu mai murɗin 1:8 tana juyi sau 243,000 a minti ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton nauyi ne ke neman murɗi mai sauri. Tsawo ne. Masanin lissafi na Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1879, kuma a 2005 Don Miller ya kawo wadda ta fi dacewa da dogayen harsasan zamani. Ƙa'idar Miller tana ba da lamba guda. Idan ta gaza 1, harsashi zai tafi yana wuntsulawa ya huda takarda a kaikaice. Tsakanin 1 da 1.5 zai tafi daidai amma yana ɗan girgiza, iska tana cin gudunsa fiye da kima. Masu lissafin harbi sun fi son 1.5 zuwa sama. Iska mai sanyi a ƙasa-ƙasa ta fi ta kan tsauni kauri, saboda haka bututun da ya riƙe harsashi da ƙyar a lokacin zafi yana iya sakinsa ranar da sanyi ya sauko.

Tarihi ya ba da misalin da ya isa darasi. A 1955 kamfanin Winchester ya fitar da harsashin .243, Remington ya fitar da .244, dukansu masu faɗin milimita 6, kuma na Remington ma ya ɗan fi ɗaukar albarushi. Sai dai Winchester ya ba bututunsa murɗin 1:10, wanda ke riƙe ƙwayar giren 100 ta harbin barewa, shi kuwa Remington ya tsaya a 1:12, nauyin harsashinsa bai wuce giren 90 ba. Maharba suka yanke cewa .244 na ƙananan dabbobi ne, kasuwa ta bi .243. A 1963 Remington ya sake wa nasa suna zuwa 6mm Remington da murɗin 1:9, amma an riga an yi masa nisa. Inci biyu na murɗi ne suka raba su.

Shi ma farin jinin 6.5 Creedmoor daga nan yake. Ba gudu ya fi kowa ba. An tsara shi tun farko da murɗin 1:8 da kwanso gajere, yadda doguwar ƙwaya ta giren 140 za ta zauna ba tare da ta nutse cikin wurin albarushi ba. Mutanen Siwidin da Norwe sun daɗe da gane wannan, domin harsashin 6.5x55 ɗinsu na 1894 yana da murɗin juyi ɗaya a milimita 220. Shi kuma .270 Winchester na 1925 da .30-06 an san su da 1:10, .308 kuma 1:12 ko 1:10. Nan ne bindigar musamman ke da amfani na gaske: mai son .270 yana iya sa a yi masa bututu mai 1:8 ya harba dogayen ƙwayoyin da na kanti ba zai riƙe ba.

To me zai hana kowa ya zaɓi mafi sauri ya huta? Akwai iyaka. Murɗin da ya wuce kima yana fito da duk wani ɗan aibun da ke jikin ƙwaya, kuma masu siririn ɓawo suna iya tarwatsewa a iska idan juyi ya haura wajen 300,000 a minti. Amma ga harsasan farauta masu ƙwari, hatsarin yin jinkiri ya fi na yin sauri. Idan mutum yana tsakanin biyu, ya ɗauki mai saurin.

Yadda ake tsaga bututu, da abin da ya sa gardamar ta fi bambancin girma

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce yanka: wuƙa ɗaya tak tana bi ta cikin ramin tana kankare ɗan ƙarfe kaɗan, sau ɗaruruwa, har tsagogin su kai zurfinsu. Tana cin lokaci, amma ba ta takura ƙarfen, kuma ana iya yin kowane irin murɗi da ita. Krieger da Bartlein da Brux haka suke yi. Ta biyu ita ce jan maɓalli: ana jan wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai tsananin tauri ta cikin ramin, ya danna tsagogin gaba ɗaya cikin minti guda ko makamancin haka. Wannan yana barin takura a jikin ƙarfen, sai an sake gasa shi a tanderu ya saki jiki. Shilen da Lilja da Hart da Lothar Walther suna cikin masu wannan hanya. Ta uku ita ce dukan guduma: a zura sanda mai siffar tsagogin a ciki, injin ya yi ta dukan bututun daga waje har ya ɗauki siffar. Injin yana da tsada ƙwarai, shi ya sa sai manyan masana'antu irin su Sako da Steyr da Ruger ke amfani da shi.

Wace ta fi? A gasar da ake auna bambanci da kashi ɗaya cikin dubu na inci, na yanka da na maɓalli duk sun ci kofuna. A dawa kuwa babu dabbar da za ta gane bambancin. Abin da ya raba bututu mai kyau da na banza shi ne daidaiton faɗin ramin daga farko zuwa ƙarshe, miƙewarsa, da ko an goge cikinsa da hannu bayan an gama. Duk kamfanonin da aka ambata sun iya wannan. Batun yawan tsagogi, huɗu ko biyar ko shida, da salon tsagogin da ake kira 5R da ake yi wa talla, ban ga ya kai a ɓata dare a kansa ba.

Ƙarfen ma iri biyu ne: 4140, wanda ke karɓar baƙin rini mai kyan gani amma yana tsatsa idan an yi sakaci, da 416R mara saurin tsatsa. Mai farauta cikin ruwa da raɓa ya ɗauki na biyun, ko ya sa a shafa wa kowannensu fenti mai tauri irin Cerakote. Fentin yana kare waje ne kawai, cikin bututu sai an goge an shafa mai.

Tsawo, kauri da nauyi

Dogon bututu yana ƙara gudu, ba ya ƙara saiti. A yawancin harsasan farauta, kowane inci da aka yanke yana rage gudun ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Wato .308 da aka rage daga inci 24 zuwa 20 ya yi asarar kusan ƙafa 100, abin da a mita 300 bai wuce saukar 'yan santimita ba. Harsasai masu cin albarushi da yawa, waɗanda ake kira magnum, kamar 7mm Remington Magnum da .300 Winchester Magnum, sun fi jin yankan. Idan aka gajarta su da yawa, ƙara da walƙiya da shuri suna nan, gudun da aka saye su dominsa ne ya tafi. Wani abin lura kuma, ƙwayar jan ƙarfe tana bukatar ta isa jikin dabba da gudun ƙafa 1,800 zuwa 2,000 kafin ta buɗe yadda ya kamata, don haka gudun da aka rasa a baki yana rage nisan da ya halatta a yi harbi.

Ta fuskar ƙwari kuwa, gajere ne ke da riba. Da an harba, bututu yana kaɗawa, kuma inda bakinsa ya nufa a lokacin da ƙwaya ke fita can za ta tafi. Lissafin injiniyoyi ya nuna cewa bututu mai inci 20 ya ninka mai inci 26 ƙwari idan kaurinsu ɗaya. Ƙara kauri da kashi 20 cikin 100 ma yana ninka ƙwarin, sai dai nauyi ya hau da kusan rabi. Masu ɗaura na'urar rage ƙara, wadda kan ƙara inci 6 zuwa 9 a gaba, su suka fi komawa bututun inci 18 zuwa 22.

Siririn bututu yana zafi da wuri, bayan harbi uku ko huɗu ramukan sukan fara yawo. Mai kauri yana jure harbi goma ko ashirin. Amma maharbi sau nawa yake harbi a kan dabba? Ɗaya, wani lokaci biyu. Wanda ya ɗora bututu mai kilo biyu da rabi don ya ga rukuni mai kyau a filin gwaji, wato ramukan harbinsa sun taru wuri ɗaya, shi zai yi ta dakonsa a kan tudu da kwari wuni guda. A ɗaya gefen kuma, rashin nauyi yana da nasa haraji. Ƙarfin shurin bindiga yana ƙaruwa daidai da raguwar nauyinta: a rage ta daga kilo 3.6 zuwa 2.7, shurin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Bindigar da ke dukan kafaɗa tana koya wa mai ita runtse ido da fizgar kunama, kuma babu bututun da ke maganin wannan. Bindiga mara nauyi ta kuma fi wuyar tsayawa cak idan mutum yana haki.

Sai batun zaren kabon, wanda Proof Research da Christensen Arms suka yi suna a kansa. Siririn bututun ƙarfe ne a ciki, aka naɗe shi da zare da ƙaro. Ana cewa ya fi na ƙarfe rashin nauyi, kuma gaskiya ne idan kaurinsu ɗaya. Amma siririn bututun ƙarfe na gargajiya sau da yawa nauyinsu ɗaya da na kabon, wani lokaci ma ya fi shi sauƙi. Ribarsa ta gaske ita ce yana ba da baki mai faɗi da ƙwarin ɗaukar na'urar rage ƙara ba tare da nauyin ƙarfe mai kauri ba. Wanda ba zai ɗaura komai a baki ba, kwalliya ce mafi yawan abin da ya biya. Haka ma kwarmin da ake fiƙewa a bayan bututu: yana rage nauyi, amma bai taɓa sa bututu ya fi yadda yake ƙwari kafin a fiƙe shi ba.

Bututu kayan ƙarewa ne

Matsin da ke cikin mazauni lokacin harbi yana haura fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, ga wuta mai zafin gaske. Wurin da ke shan wannan azaba shi ne maƙogwaro, wato ɗan filin da ke gaban mazauni inda tsagogi suka fara. Nan ne ke tsattsagewa ya cinye, sauran bututun yana nan kamar sabo. Gwargwadon yawan albarushin da ake turawa ta ƙaramin rami, gwargwadon saurin cinyewar. Kiyasin da masu harbi suka saba bayarwa shi ne .308 yana kai harbi 5,000 ko fiye, 6.5 Creedmoor 2,000 zuwa 3,000, manyan magnum kuma 1,000 zuwa 1,500. Tunda ƙwaya ba ta wuce ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a cikin bututu, duk rayuwar aikinsa 'yan daƙiƙoƙi ce idan aka tara.

Ga mai harbi ashirin a shekara wannan ba abin damuwa ba ne, jikokinsa ma za su gada. Ga mai yawan atisaye kuwa, wanda shi ne ya kamata mai harbin nesa ya zama, lissafi ne da za a yi tun farko.

Gidan sakata, kunama da ƙota

Remington 700 ya fito a 1962, kuma siffar gindinsa ta zama abin da kasuwa ta ginu a kai. Kamfanoni irin su Defiance da Impact Precision da Zermatt suna ƙera nasu a kan wannan siffa, don haka ƙota da kunama da ma'ajiya da za su shiga suna da yawa. Wanda ya zaɓi wata siffa dabam ya tabbatar akwai sauran kayan kafin ya biya. Tsawon gidan kuma harsashi ne ke yanke shi: .308 mai inci 2.8 gajere yake so, .30-06 mai inci 3.34 dogo, .375 H&H mai inci 3.6 sai na magnum. Tarkon da mutane ke faɗawa shi ne su sa a yanka musu dogon maƙogwaro don doguwar ƙwaya, sannan su tarar harsashin ya fi ƙarfin ma'ajiya. Bindiga ta koma mai cin ɗaya-ɗaya.

Akwai tsohuwar gardama tsakanin salon Mauser na 1898, wanda ƙugiyarsa ke cafke kwanso tun yana fitowa daga ma'ajiya, da salon da sakata ke tura harsashi kawai, irin na Remington. Lokacin da Winchester ya sauya Model 70 daga na farko zuwa na biyu a 1964, maharba sun yi ta ƙorafi shekara da shekaru. Masu fuskantar dabbar da ke iya juyowa kansu har yau sun fi natsuwa da salon Mauser. Ga mai bin barewa, duka biyun suna aiki.

Kunamar farauta tana son nauyin ja na kilo 1.1 zuwa 1.6, ta karye tsaf ba tare da jan ƙafa ba. Timney da TriggerTech suna cikin sanannu. Kunamar gasa mai tashi da ɗan taɓi ba ta da wuri a dawa, inda yatsa ke sanyi ko yana cikin safar hannu, ga ƙura ga faɗuwa. Wannan ba wurin wasa ba ne: a 2014 Remington da kansa ya janye bindigogi masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera tsakanin 2006 da 2014 saboda suna iya tashi ba a taɓa su ba.

Ƙota ita ce aka fi rainawa, alhali ita ce ke haɗa bindiga da jikin mutum. Katakon gyaɗar Turawa yana da kyan gani amma yana shan danshi ya motsa. Na zaren gilashi da na kabon, irin na McMillan da Manners, ba ruwansu da yanayi. Firam ɗin alminiyom yana ba da damar gyara tsawo da tudun kunci, sai dai yana da sanyi a hannu kuma yakan yi nauyi. Kowace aka zaɓa, abu biyu ne wajibi. Gidan sakata ya zauna daram a kan shimfiɗar ƙaro da ginshiƙan alminiyom, yadda ɗaure kusoshi ba zai lanƙwasa shi ba, kuma bututu ya tafi a sake ba ya taɓa ƙotar. Tsawonta daga kafaɗa zuwa kunama, da tsayin inda kunci ke kwanciya, su dace da mai ita cikin irin tufafin da zai sa ranar farauta. Idan sai ya ɗaga kai yana laluben hoto a madubi, an yi asarar sauran kayan.

Birkin baki, wato ƙarfe mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bututu, yana rage shuri sosai, amma yana maido da ƙara kan mai harbi da na kusa da shi. Ƙarar bindigar farauta ta riga ta haura desibel 150, alhali daga 140 ji yana iya lalacewa da harbi ɗaya. Na'urar rage ƙara tana sauke desibel 20 zuwa 30, ba ta mai da bindiga shiru kamar yadda ake nunawa a fim. A Finlan da Norwe da Birtaniya abu ne da maharba suka saba da shi, a wasu ƙasashen kuma haramun ne ɗungurungum.

Hannun maƙeri da idon hukuma

Bututun da aka sayo daga kamfani sanda ce mai rami kawai. Maƙeri ne zai ɗora ta a injin, ya daidaita ramin da tsakiyar juyawa, ya yanka murɗin gindi irin na sukurori da zai shiga gidan sakata, ya buɗe mazauni, ya gyara leɓen baki. Mazaunin da ya karkace ko da kaɗan yana sa ƙwaya ta shiga tsagogi a karkace. Leɓen da bai daidaita ba yana barin iskar albarushi ta fita ta gefe ɗaya ta ture gindin ƙwayar. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda kwanso ke tsayawa kuwa batun rai ne: tsakanin ma'aunin da dole sakata ta rufe a kansa da wanda dole ta ƙi rufewa, a .308, inci 0.004 ne kacal, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Idan ta yi yawa kwanso yana iya tsagewa, iskar wuta ta nufo fuska. Matsakaicin bututu a hannun gwani ya fi na gasa a hannun mai gaggawa.

Kamfanin Savage ya kawo dabarar noti mai ɗaure bututu tun 1958, yanzu kuma akwai bututun da ke zuwa a yanke a shirye don gidajen sakata da aka ƙera da ma'auni ɗaya. Wannan ya rage jira da kuɗin aiki, amma bai ɗauke wajabcin aunawa ba.

Doka kuwa ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka gidan sakata ne doka ke kira bindiga, shi ke ɗauke da lamba. A Birtaniya da Jamus bututun kansa yana cikin sassan da sai da izini ake mallaka. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP ta gwajin bindigogi, ba a sayar da bindiga sai gidan gwaji na hukuma ya harba ta da harsashin da matsinsa ya ɗara na ƙa'ida ya buga mata hatimi, a Amurka kuwa ƙa'idojin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai, na ganin dama ne. A ƙasashe da yawa kuma, haɗa bindiga ba tare da lasisin ƙira ba laifi ne mai kai mutum kurkuku, ko da yana da izinin riƙe wata.

Yaya ake gane ta yi?

Alkawarin MOA ɗaya da ake bugawa a talla yawanci na harbi uku ne, kuma harbi uku sa'a tana da babban rabo a cikinsa. Bindiga ɗaya tana iya ba da rukunin rabin inci yanzu, ta ba da na inci ɗaya da rabi bayan minti goma, ba abin da ya sauya. Mutum sai ya ɗauki hoton na farkon ya jefar da na biyun. Harbi goma zuwa ashirin, ana barin bututu yana hucewa, shi ke nuna ainihin da'irar.

Sannan a duba abin da ake nema. Huhu da zuciyar barewa matsakaiciya sun kai faɗin santimita 20. Bindiga mai MOA ɗaya da rabi tana zuba harsasanta cikin santimita 13 a mita 300, wato ta isa. A wannan nisa, iska da rawar hannu da kuskuren kiyasin tazara sun fi bututu kawo kuskure nesa ba kusa ba. Gwajin da ya fi kama da ranar farauta shi ne a kafa takarda ɗaya, a riƙa zuwa ana harbi ɗaya tak da bututu mai sanyi a ranaku dabam-dabam, da harsashin da za a fita da shi, daga kan jaka ko sandunan dogarawa maimakon tebur. Wasu bututun suna jefa harbin farko bayan wanki nesa da sauran, shi ya sa maharba da yawa ke yin harbi biyu ko uku bayan sun goge, su bar cikin haka har kakar farauta ta wuce.